Wai Mai Ƙara Bai Zo Ba: Wa Ya Tambayi Inda Yake?



Kwanakin baya wani dattijo daga cikin mutanenmu ya shigo ofishin ƙungiya a Agege bayan sallar La'asar, riƙe da wata takarda da ya nannaɗe cikin leda kamar laya. Ya ce a karanta masa, domin an gaya masa shari'arsa ta ƙare, shi kuwa yana son ya ji nawa alƙali ya ce a biya shi. Da sakatarenmu ya warware takardar ya duba, sai ya yi shiru. Abin da ke ciki bai wuce layi huɗu ba: an kira ƙara, lauyan kamfani yana nan, mai ƙara da lauyansa ba su zo ba, saboda haka kotu ta soke ƙarar domin mai ita bai nuna niyyar ci gaba da ita ba.

Wannan bawan Allah shekara 11 ya yi yana gadi a ƙofar wani kamfani. Rannan da safe aka kore shi da baki a bakin get, bisa zargin wasu kaya sun ɓace a sito a daren da ba ma shi ke bakin aiki ba. Ba a zaunar da shi an ji ta bakinsa ba, ba a ba shi ko da guntuwar takarda ba, ga albashinsa na wata biyu a hannunsu. Sai ya yi abin da yawancinmu ba ma yi, ya nemi lauya ya shiga kotu. Sau biyar yana tashi tun kafin asuba ya kama motar Oshodi, daga can ya kama ta Obalende, ya ƙarasa Ikoyi kafin ƙarfe tara, kuma sau biyar ɗin ana ɗage shari'ar ba tare da ya buɗe baki ya ce uffan ba. Kafin zama na shida mai gida ya fitar masa da kaya saboda kuɗin haya, damina ta faɗi, ya kwashi iyali ya mayar da su gida ya shiga gona. Wayarsa ta ɓace a tasha. Da ya dawo bayan kaka, wannan takarda ce ke jiransa.

To, jama'a, mutumin da ya je kotu sau biyar da kuɗin bashi ne za a rubuta cewa ba shi da niyya? Ba mu ce alƙali ya karya doka ba. Alƙali ya duba gabansa bai ga kowa ba, ya rubuta abin da ya gani. Amma abin da aka rubuta ɗin ba shi ne gaskiyar abin da ya faru ba. Yunwa ce ta kori wannan ƙara, kuma akwai waɗanda suka zauna suka yi lissafi suna jiran yunwar ta yi musu aiki.

Abin da ya ƙara mana takaici shi ne, a wannan zamani doka ta fi kowane lokaci karkata ga ma'aikaci. Iyayenmu da suka yi gadi da dako da tuƙi a Apapa sun rayu ne a ƙarƙashin tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila, wadda ta ce ubangida na iya sallamar yaronsa da dalili mai kyau, ko da mummunan dalili, ko ma ba dalili ko kaɗan, muddin ya ba shi notis ko kuɗin notis. Shi kuwa notis ɗin, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade shi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai cika shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Wato ka ba kamfani ƙuruciyarka duka, iyakar abin da za ka iya nema shi ne albashin wata guda. Shi ya sa dattawanmu suka ce kai ƙarar ubangida ɓata lokaci ne, kuma a zamaninsu ba su yi ƙarya ba.

Amma abubuwa sun sauya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don rigimar ƙungiyoyin ƙwadago, ta samu sabuwar doka a 2006, sannan gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna. Sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai ikon sauraron duk wata rigima tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ya kuma ba ta damar duba abin da ake kira zalunci a harkar aiki, da yin la'akari da yadda ake yi a sauran ƙasashen duniya. Da wannan dama ne alƙalan kotun suka fara jingina da yarjejeniya mai lamba 158 ta shekarar 1982 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ba a sallamar ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe da ya shafi aikinsa, ko halinsa, ko buƙatar ma'aikatar. A shari'ar Aloysius da bankin Diamond a 2015 kotun ta fito fili ta ce kora ba dalili ta saɓa wa wannan ma'auni. Bugu da ƙari, wanda aka kora da sunan ya yi laifi, wajibi ne a nuna an ba shi damar kare kansa.

Kenan dattijon namu yana da hujja mai ƙarfi. Masu kamfani sun san haka, lauyoyinsu sun fi su sani. Saboda haka da yawansu ba sa son a kai ga ranar da za a tambaye su dalilin kora. Abin da suke so shi ne kada ranar ta zo.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa kotu ya san yadda ake wannan wasa. Zaman farko lauyan kamfani zai ce bai daɗe da karɓar takardu ba, a ba shi lokaci. Zama na biyu zai shigo da ƙorafin cewa ba sunan kamfanin ne daidai aka rubuta ba, ko kuma ai mai ƙara ba ma'aikacinsu ba ne, wani ɗan kwangilar samar da masu gadi ne ya kawo shi. Zama na uku ƙaramin lauya zai zo ya ce babban yana wata kotun. Kafin a ankara kotu ta tafi hutunta na shekara, daga ƙarshen Yuli har cikin Satumba. In an yi rashin sa'a aka yi wa alƙali canjin wurin aiki, sai a koma farko. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da ma'aikatan kotuna suka yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni aka garƙame kotunan ƙasar nan baki ɗaya. Kowace ɗagewa wata biyu ce ko uku. Shi kamfani bai rasa komai ba, lauyansa yana kan albashi ko kwangilar shekara, injinsa na juyawa, an ma riga an sa wani ɗan uwan namu a kujerar wanda aka kora. Shi kuwa mai ƙara kowace ɗagewa buhun masara ne da bai saya ba, da kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, da kuɗin man lauya da ake karɓa kowane zama ko an yi shari'a ko ba a yi ba.

Ga inda rashin adalcin yake ƙarara. Kamfani ya nemi ɗagewa sau huɗu, an kira wannan bin ƙa'ida. Talaka ya kasa zuwa sau ɗaya ko biyu, an kira wannan watsi da ƙara. Wai shin a cikin su biyun wane ne ba ya son a yi shari'ar?

Wani zai ce ai wannan matsala ce ta kowane talaka, Bayarabe ko Inyamuri ko Bahaushe. Haka ne, kuma muna tare da su. Sai dai namu ya fi nauyi saboda yanayin zamanmu a nan. Kotu tana aiki ne da adireshi, mu kuwa da yawanmu ba mu da shi. Mai gadi adireshinsa shi ne ɗakin gadin da aka kore shi daga ciki. Direban tirela adireshinsa garejin da motar ke kwana. Mahauci da ɗan dako su biyar ne ko shida a ɗaki guda, wata uku nan, wata uku can. Ko da kotu ta aika sanarwar ranar zama ta saƙon waya, da Turanci zai zo, ga mutumin da karatunsa na allo ne da ajami, in ma layin yana hannunsa kenan. Tsarin mulki a sashe na 36 ya tilasta a samar wa wanda ake tuhuma da laifi tafinta kyauta, amma wannan tabbaci bai haɗa da mai neman haƙƙinsa a shari'ar da ba ta laifi ba. Sau nawa mutumin namu yake tsaye a kotu a faɗi ranar da aka ɗage zuwa, ya fito bai gane ba, kunya ta hana shi tambaya?

Sannan mu mutane ne masu gida biyu. Damina na kiran mu, rasuwa na kiran mu, ga kuma abin da ba ma son tunawa. Wanda ya ga Shagamu a 1999, ko Idi-Araba a 2002, ko Mile 12 a 2016, ko kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, ya san yadda mutum ke hawa bayan tirela da rigar jikinsa kawai. Wanda ya tsere da ransa a irin wannan rana, takardun kotu suna cikin abin da wuta ta ci. Littafin kotu ba shi da gurbin rubuta wannan. Abin da zai rubuta shi ne, mai ƙara bai zo ba.

Yanzu bari mu faɗi wani abu da muke so kowane mai karatu ya riƙe, domin rashin saninsa ya sa mutanenmu da yawa sun haƙura da haƙƙin da bai mutu ba. Akwai bambanci tsakanin a soke ƙara daga jerin shari'u da a kore ta ɗungurungum. Wadda aka soke saboda rashin zuwa, ba a taɓa cikinta ba, alƙali bai ce kamfani ne da gaskiya ba. Mai ita na iya komawa ta hannun lauya ya roƙi a mayar da ita kan layi, ya haɗa da takardar rantsuwa da ke bayyana dalilin rashin zuwansa, ko kuma ya sake shigar da ita sabuwa. Wadda aka kora kuwa ƙofarta ta fi wuyar buɗewa, galibi sai an nemi a jingine hukuncin ko a ɗaukaka ƙara. Kotunan ƙasar nan, har da Kotun Ƙoli, sun daɗe da tsayawa a kan cewa zaman da aka yi ba tare da an sanar da wanda ya kamata a sanar ba, zaman banza ne, sun kuma sha faɗin cewa ba a ɗora wa mai ƙara laifin sakacin lauyansa. Amma duk wannan ba ya jiran mutum har abada. Roƙon mayar da ƙara yana son gaggawa, kuma a Jihar Legas wa'adin shigar da ƙara kan yarjejeniya shekara shida ne. Wanda aikinsa na gwamnati ne ya fi kowa buƙatar hanzari, domin akwai dokar da lauyoyin hukuma ke fakewa da ita mai wa'adin wata uku kacal.

Da muka yi wa dattijon wannan bayani, sai ya ce lauyansa ya gaya masa a waya cewa magana ta mutu. A nan dole mu taɓo wasu lauyoyi. Ba dukansu ba, domin muna da waɗanda suka tsaya wa mutanenmu ba don kuɗi ba, Allah Ya saka musu da alheri. Amma akwai masu karɓar ƙarar talaka da fatan kamfani zai kira su sulhu a wata na farko su yanki rabonsu, da zarar sun ga abin zai ja sai su daina ɗaga waya. Mai ƙara ya tafi gida da yardar cewa yana da wakili a kotu, alhali wakilin ya daina zuwa tun zama na uku. Lauyan da ya gaji da shari'a hanya a buɗe take, ya sanar da kotu da mai ƙara cewa ya janye. Amma ya sulale shiru ya bar bawan Allah da hukuncin da bai san da shi ba, wannan cin amana ne, kuma akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da aka kafa domin irinsa.

Ga hukumomin kotun kuwa, ba alfarma muke roƙo ba. Dokarta ta 2006 a sashe na 12 ta ba ta damar sassauta wasu ƙa'idoji idan adalci ya buƙaci haka, domin an san masu zuwa gabanta ba ƙarfinsu ɗaya ba. To a yi amfani da wannan dama. Kafin a soke ƙarar wanda aka kora daga aiki, alƙali ya buɗe fayil ya ƙirga, wa ya nemi ɗagewa sau nawa? A tabbatar sanarwa ta isa ga shi mai ƙarar da kansa, ba ofishin lauyan da ya gudu kawai ba. Magatakarda ya kira lambar da ke cikin fayil, kiran minti ɗaya ne. Tun annobar 2020 kotuna suka koyi zama ta bidiyo, kuma kotun ma'aikata tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da Maiduguri. Mene ne zai hana wanda ya koma gida ya je reshe mafi kusa da shi a ji shaidarsa daga can? Kamfanin da ya maida neman ɗagewa sana'a kuma a ci shi tarar da za ta biya kuɗin motar wanda ya wahalar, a hannu, kafin zama na gaba. Idan ɗagewa ta fara cin aljihun mai nemanta za a ga ta ragu.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban laifin da ya sa muka rubuta wannan takarda namu ne.

Da zarar an kori ɗan uwa ya ce zai je kotu, kalmar farko da zai ji daga bakinmu ita ce ya yi haƙuri, ya bar su da Allah, arziki ba a hannun kamfani yake ba. Duk gaskiya ne. Amma yaushe haƙuri ya zama ka bar gumin 'ya'yanka a aljihun wani? Addinin da ya yi tsanani a kan biyan ma'aikaci ladansa da wuri bai hana ma'aikacin neman ladan ba. Mun lura ma masu saurin cewa a bar wa Allah, idan kuɗinsu ne ya maƙale a hannun wani a kasuwar Mile 12, har gida suke bin sa. Abin da ya fi muni shi ne wasu da ake kira manyanmu, waɗanda su ne ke kai wa kamfanoni yara aikin gadi suna karɓar la'ada. Irin waɗannan su ake turowa da daddare su ce wa mai ƙara ya janye, wai kada ya ɓata wa Hausawa suna a daina ɗaukar su aiki. Wane suna? Sunan da muka yi a wurin masu kamfani shi ne na mutanen da ake kora ba sa komawa. Shi ya sa idan za a rage ma'aikata ake farawa da mu. Kowace ƙara da aka soke saboda rashin zuwa darasi ce ga manaja cewa lissafinsa daidai ne, kuma wanda zai biya kuɗin darasin shi ne yaron da ya sauka daga mota jiya yana neman aiki.

Ku duba kuma yadda muke tara kuɗi. Idan gawa ce za a kai gida, kafin la'asar an haɗa kuɗin mota. Idan naɗin sarauta ne, har makaɗa ake ɗaukowa daga Arewa. Amma dattijon nan ya yi ta zuwa Ikoyi shi kaɗai, ba wanda ya raka shi, ba wanda ya rubuta masa ranar zama, mu da ke wannan ofis ma ba mu san yana shari'a ba sai da ta faɗi. Wannan abin kunya ne a gare mu, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Da akwai mutum ɗaya da ya je kotu ranar nan ya sanar da magatakarda cewa mai ƙara yana gona kuma lauyansa ya daina zuwa, wataƙila da alƙali ya ba da wata rana.

Akwai ƙofofin da ba a biyan kuɗi waɗanda mutanenmu ba sa ƙwanƙwasawa. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta tun shekarar 2000, tana da cibiyar sasanta jama'a da ke karɓar rigimar ma'aikaci da ubangida. Akwai hukumar tarayya mai ba da agajin lauyoyi ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Ita kanta kotun ma'aikata ta buɗe cibiyar sulhu a 2015, inda ake iya gama magana ba tare da doguwar shari'a ba. Ba mu hana kowa sulhu ba. Wanda ya ga ba zai iya jurewa ba ya yi sulhu a rubuce a gaban hukuma ya karɓi wani abu, ya fi ya juya baya ya tafi hannu rabbana.

Ga waɗanda har yanzu ke bakin aiki kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ka takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku su wuce. Ka nema. In sun hana, ka adana katin shaidar aiki, da saƙon banki na shigar albashi, da takardar asusun fansho in kana da shi, har da hoton da ka ɗauka da kayan aiki. Ka bar kwafinsu a wani wuri daban da inda kake kwana. Kuma kada ka dangwala yatsa a kan wata takarda ranar sallama sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka, domin sau da yawa abin da ke ciki shi ne ka amince an biya ka komai.

A zaman da kwamitin zartarwa ya yi kan wannan batu an amince da abubuwa kamar haka. Za a buɗe littafi a ofis wanda za a rubuta duk ɗan uwan da ke da ƙara a kotun ma'aikata, da lambar ƙarar, da sunan lauyansa, da ranar zama na gaba. Wanda ba shi da tsayayyen adireshi ya yi magana da lauyansa a sa na ofishin ƙungiya da lambar sakatare a cikin takardunsa. Duk wanda zai tafi gida, ko na mako guda ne, ya biyo ya faɗa, ya bar lambar wani a garinsu. Matasanmu masu Turanci za su riƙa karɓa-karɓa wajen rakiya, kuma za a ware wani kaso daga kuɗin wata-wata don kuɗin mota. Duk wani babba da aka samu yana matsa wa mai ƙara ya janye don kare la'adarsa, za a kira shi gaban taro ya yi bayani.

Shi kuwa dattijon, an samu lauyan da ya karɓi fayil ɗinsa, an rubuta takardar rantsuwa, an shigar da roƙon a mayar da ƙarar. Ranar da za a saurari roƙon mutum uku za su raka shi. Duk wanda ke da irin wannan takarda a ƙarƙashin katifa, ko ta shekara nawa ce, ya kawo ta ofis ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sakatare zai zauna har Magariba.